Ƙwayar Yashi Mai Suna

A Zongon Lome akwai wani dattijo magini wanda ya tsufa yana kwaɓa siminti. Yana saurayi aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977, aka mai da mutane arewa da birni. Da hannunsa ya ɗora bulo a sabon wurin, da guminsa kuma ya sa autansa a Jami'ar Lome, yana fatan ya zama injiniya. Sai ga yaro ya zaɓi ilimin duwatsu.

Wata rana yaron ya komo daga Tabligbo, kimanin kilomita 80 daga Lome, inda ake haƙar dutsen da ake yin siminti da shi. Abin da ya kawo shi ne yumɓu cikin leda. Ran uban ya ɓaci.

"Ina biyan kuɗin makaranta, kai kuwa wasan ƙasa kake yi? Wannan shekara ce ta ƙarshe."

"Baba, ka yi haƙuri, ka zo ka gani da idonka."

Da kyar tsohon ya yarda ya bi shi. A ɗakin bincike yaron ya nuna masa yadda ake jiƙa yumɓun, a wanke shi a rariya mai ƙananan idanu, a shanya abin da ya rage. Ya barbaɗa kaɗan a faranti, ya sa a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. Da uban ya leƙa, sai ya ja da baya. Abin da ya ɗauka yashi ne, ashe ƙwanso ne kamar na katantanwa, mai ɗakuna jere a kewaye, girmansa bai kai rabin milimita ba.

Masana suna kiran waɗannan halittu foraminifera. Bafaranshe Alcide d'Orbigny ya fara tsara su kashi-kashi a 1826. Waɗansunsu a ƙasan teku suke zama, waɗansu kuwa suna shawagi a saman ruwa, in sun mutu ƙwansonsu ya nutse ya taru cikin laka. Samunsu a Tabligbo shaida ce cewa teku ya taɓa rufe wurin.

Aikin yaron shi ne ya faɗi sunan wannan guda ɗaya. Da jiƙaƙƙen bakin burushi ya juya ta, ya dubi bayanta, da cikinta, da gefenta. Bayan a shimfiɗe yake, cikin ya yi tsini da rami a tsakiya, gefen yana da kaifi. Ya ce wannan dangin Morozovella ne. Amma wace ce a cikinsu? Da fari ya ƙirga ɗaki 5 a zagayen ƙarshe, ya kusa rubuta acuta.

Uban ya ce, "Dakata, ɗana. Magini ba ya awo sau ɗaya."

Yaron ya share ƙurar da ta liƙe, ya sake ƙirgawa, sai ga ɗaki 7. Ya gwada da hotunan littafi, ya rubuta Morozovella velascoensis. Irinta ya ƙare a duniya kimanin shekara miliyan 55 da suka wuce, saboda haka inda aka same ta, an san lakar ba ta gaza waɗannan shekaru ba. Da haka masu haƙar rijiyar burtsatse da masu neman mai suke gane shimfiɗar ƙasar da suka kai.

Yaron ya ƙara da cewa Joseph Cushman na Amurka ne ya raɗa mata suna a 1925, daga duwatsun Velasco na Meziko. Sunan danginta kuwa an sauya shi har sau biyu, daga Pulvinulina zuwa Globorotalia, sa'an nan Morozovella, gwargwadon yadda masana suka ƙara fahimtarta.

Tsohon ya yi dariya ya ce, "Mu an tashe mu, sunanmu bai sauya ba. Ita tana kwance wuri ɗaya, sunanta yana ta ƙaura."

Gani ya kori ji. Da suka koma gida, ya tsaya ya shafa bangon ɗakinsa, ya daɗe bai ce kome ba. Da aka buɗe makaranta, shi da kansa ya ƙirga kuɗin ya miƙa wa yaron, sau biyu kuwa ya ƙirga.