Kwalin da aka ce in kai bola

Tunda an shiga watan Oktoba, a nan inda nake duk ƙofar da ka duba sai ka ga kabewa an ƙwaƙule cikinta an yanka mata idanu da haƙora. Shi ya tuna mini da wani kwali da aka taɓa cewa in kai bola, na ce bari in ba ku labarinsa.

Ina zaune a Harrisburg, babban birnin jihar Pennsylvania a Amurka, inda mu 'yan Nijar muke da ɗan yawa. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, girki, ba da magani, taya hira. A 2019 aka tura ni wajen wata tsohuwar Baturiya mai shekara 88. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta tilo yana can wata jiha mai nisa. Mama nake kiranta, ita kuma ta ce mini 'yata, don sunana ya gagari harshenta. Da ta faɗi a banɗaki karo na biyu, ɗan ya yanke shawarar kai ta gidan kula da tsofaffi, a sayar da gidan. Ya zo ya yi kwana uku, ya zaɓi abin da zai zaɓa, ya nuna mini ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya ce duk abin da ya rage in fitar wa masu kwasar shara, in kuwa akwai wanda nake so in ɗauka.

Gaskiya kwalin ne ya ba ni sha'awa, ba abin da ke ciki ba. Mai kauri ne, irin wanda muke nema in za mu aika kaya gida. Na ɗauke shi yadda yake na sa a mota. Sai da na isa gida na buɗe. Akwai baƙaƙen maguna biyu na kwali masu gantsararren baya, da ƙwarangwal na takarda wanda gaɓoɓinsa ke motsi, da wata kacau-kacau ta gwangwani mai hoton mayya, da wani ɗan littafi, sai wata fitila mai siffar kabewa, ba ta fi tulun yara girma ba, gefenta guda ya ƙone ya yi baƙi.

Kayan Halloween ne, bikin da suke yi daren 31 ga Oktoba. Asalinsa daga Ayalan da Sikotilan, baƙin da suka yi hijira daga can ne suka zo da shi Amurka. Ni ba bikina ba ne, ban taɓa yinsa ba, abin da na sani kawai yara kan yi shigar dodanni su bi gida-gida karɓar alewa. Na ɗauki mage ɗaya na ga ta yi ƙura, na jiƙa tsumma na goge ta. Baƙin fentin ya biyo tsumman, kwalin ya kumbura, fuskar magen ta koma kamar an yi mata ɓarin toka. Na ce oho, tsintacciyar mage ba ta mage, na ajiye.

'Yata ce ta dawo daga makaranta ta ga fitilar a kan tebur. Ta juya ta, ta ga an buga wata kalma a gindinta da ƙananan baƙaƙe, Germany, wato Jamus. Ta ɗauki hotonta da waya, ta shiga eBay, can sai na ji ta ce, "Umma, kar ki ƙara taɓa komai a kwalin nan." Ta nuna mini irinta da aka sayar a kan ɗaruruwan daloli. Na dubi magen da na goge, jikina ya yi sanyi.

Ranar Lahadi muka ɗauki kwalin muka tafi Adamstown, wani ƙaramin gari wajen awa guda daga wurinmu, wanda ya yi suna da kasuwannin tsoffin kaya. Aka nuna mana wani dattijo wanda kayan bukukuwa kaɗai yake saye da sayarwa. Ya sa tabarau, ya shimfiɗa farin ƙyalle, yana fitar da su ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɗaukar jariri. Na tambaye shi abin da ke cina tun ranar: yaya takardar da aka saya da 'yan kwabbai za ta kai wannan kuɗi?

Ya ce amsar tana cikin tambayar. Don ba ta da tsada shi ya sa ba wanda ya adana ta. Kayan Kirsimeti a kan naɗe su a ɓoye, shekara ta zagayo a fito da su, har jikoki su gada. Na Halloween kuwa na dare ɗaya ne. A saya a kantunan araha irin su Woolworth, a manna a bango, gari ya waye a yage a zuba a shara. Fitilun kuma takarda ce aka kwaɓa da gam aka zuba a mazubi, sannan a kunna kyandir a cikinsu. Takarda da wuta, kun san ƙarshen zancen. Wanda ya tsira daga shara bai tsira daga gobara ba, wanda ya tsira daga gobara danshi da ɓeraye suka gama da shi. Ɗan abin da ya rage shi ake rububi a kai.

Daga nan ya koya mana yadda ake karanta shekarun kaya. Tun 1891 dokar Amurka ta tilasta a rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya a jikin duk abin da aka shigo da shi, don haka tambari shi ne shaida ta farko. Fitilu da maguna irin namu daga Jamus aka riƙa kawo su bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya har zuwa shekarun 1930, da yawansu da hannu aka yi musu fenti, shi ya sa ba ka samun biyu masu fuska iri ɗaya sak. In ka ga an rubuta yankin Amurka na Jamus, to bayan 1945 ne. Ƙwarangwal ɗin ya ce na kamfanin Beistle ne, wanda aka kafa a 1900, kuma har yau yana aiki a Shippensburg, nan kusa da mu. Ɗan littafin kuwa sunansa Bogie Book, kamfanin Dennison na jihar Massachusetts ya fara fitar da shi a 1909 don koya wa matan gida yadda za su ƙawata ɗaki da takardarsa. Littafin talla ne kawai, yau kuma ana nemansa ruwa a jallo.

Wani abin da ya ba ni mamaki, ya ce ko fuska ma tana faɗin shekaru. A farkon ƙarni na 20 bikin na manya ne, su taru a gida su yi wasanni, don haka kayan lokacin fuskokinsu a murtuke suke, masu ban tsoro na gaske. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu bikin ya koma hannun yara, sai fuskokin suka fara murmushi, roba kuma ta maye gurbin takarda. Wato a wajensu, gwargwadon munin abu gwargwadon tsufansa, gwargwadon kuɗinsa.

Sai ya zo kan lafiyar kaya, nan ne na sunkuyar da kai. Tabon salatif yana rage kuɗi. Hujin ƙusa yana ragewa. Launin da rana ta cinye yana ragewa. Gyara kuwa, in ba gwani ne ya yi ba, ya fi ɓarna muni. Ya ɗaga magen da na goge, ya ɗaga 'yar uwarta da ban taɓa ba, bai ce komai ba. Shekara kusan casa'in ta yi tana tsira daga wuta da ɓera, ni na gama da ita cikin minti ɗaya, da niyyar tsafta. Ya kuma gargaɗe mu cewa akwai jabu da yawa, ana yin sabo a shafa masa ruwan shayi ya yi kamar tsoho, kuma Beistle da kansa yana sake buga tsoffin zanensa, wanda bai sani ba sai ya saya da tsada.

Ya ce zai ba ni dala 900 a kan komai. Ya ƙara da cewa da fitilar ba ta ƙone ba, da ita kaɗai ta kusa haka, don takardar idanunta da bakinta ta asali tana nan.

'Yan uwa, a watan nan ana nemana da kuɗin aikin idon mahaifiyata a Maraɗi. Dala 900 ba wasa ba ce. Kuma ba sata na yi ba, da bakinsa ɗan ya ce in ɗauka. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ya ba ni ne a matsayin shara, bai san abin da ya bayar ba, kuma kayan ma ba nasa ba ne, mai su tana raye. Na ce wa dattijon zan dawo. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Washegari na naɗe fitilar a ɗankwali na kai wa Mama. A lokacin mantuwa ta fara cin ƙarfinta, wani sa'in sai ta ɗauke ni wata ƙawarta ta makaranta. Ina kwance ɗankwalin ta miƙo hannu biyu. Ba ta dubi fuskar fitilar ba, kai tsaye ta juya ta zuwa wurin ƙunar, ta ɗora babban yatsanta a kai. Ta ce, "'Yata, ina kika samo wannan? Yayana ne ya ƙona ta."

Ta ba ni labarin tiryan-tiryan, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Tana da shekara 11, a 1942. Mahaifiyarsu ta hana a kunna fitilar don kar ta lalace. Yayan ya saci kyandir, ya ja ta bayan gida ya kunna mata, don ta ga yadda idanun ke haske. Iska ta kaɗa harshen wutar ya lashi gefe, ya kashe da tafin hannunsa, ya sha faɗa, bai taɓa cewa tare suka yi ba. Shekara ta zagayo aka ɗauke shi soja. Bai dawo ba. Ta ce ta yi ƙaura sau biyar a rayuwarta, ba ta taɓa barin fitilar a baya ba.

Wurin da dillali ya rage wa kuɗi, shi ne kaɗai wurin da ta sa yatsa. Kuma ban ce dattijon ya yi kuskure ba. Aikinsa ya yi, ya kuma yi shi da gaskiya. Shi yana auna abin da baƙo zai biya ne, baƙo kuwa bai san yayan kowa ba.

Na kira ɗan na faɗa masa komai, har da farashin. Ya yi shiru mai tsawo. Ya ce ya san yana da kawu da ya mutu a yaƙi, amma bai taɓa jin zancen fitila ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Ya ce in bar mata ita a gefen gado, sauran in sayar in riƙe kuɗin, wannan karon da saninsa ya ba ni. Na koma Adamstown na karɓi dala 400. Ban da fitila, ban da magen da na ɓata, don dattijon ya ce ba mai saye. Na cika da abin da na tara, aka yi wa mahaifiyata aiki.

Mama ta rasu a 2021. Fitilar tana wajen ɗanta yanzu, ya turo mini hotonta a cikin akwatin gilashi, ya juya gefen ƙunar yana kallon waje. Magen kuwa tana nan a kan durowata da kumburarriyar fuskarta. Baƙi kan tambaye ni me Hajiya take yi da wannan abu. Nakan ce ita ce ta hana ni saurin kai hannu. Yanzu duk gidan da aka ce in kwashe, kafin in ɗaga kwali sai na je na tambayi mai shi, in dai yana da sauran numfashi, mene ne wannan, wa ya ba ka.

Allah Ya sa mu dace. Sai na ji daga gare ku.