Ɗana Ya Shiga Mobal

Yau maganar ɗana na kawo muku.

Ran nan ya zo mini Tudun Wada, ya durƙusa ya ce, "Inna, an ɗauke ni cikin 'yan sandan kwantar da tarzoma." Watau Mobal. Na ce masa Allah ya sa albarka, amma tuwon daren nan ban ci shi ba.

Abin da ya sa kuwa, mu tsoron ɗan sanda gādonsa muka yi. Kakata ta Kiru, in ta hangi ɗan doka da kulki ya nufo unguwa, sai ta kife tukunya ta shige ɗaka, ko da ba ta yi laifin komai ba. A zamaninsu hukuma iri biyu ce. Akwai dogarai da 'yan dokan En'e, su ne na Sarki, su ke bin haraji da kai mutum gaban alƙali. Akwai kuma 'yan sandan Gwamna, waɗanda aka haɗa na Arewa da na Kudu suka zama ƙungiya guda a 1930. Zamanin Janar Gowon ne aka rushe na En'e aka zuba su cikin na tarayya. Ku 'yan makaranta ku riƙe wannan: tun 1955 aka fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a ƙasar nan.

Su Mobal daban suke. Bayan samun mulkin kai aka kafa su, aka yi musu horo irin na soja, domin a aika su inda rikici ya fi ƙarfin 'yan sandan gari. Ba su da zama wuri guda, shi ya sa matansu ke shan kaɗaici. Sunansu kuwa ya ɓaci a bakin talakawa, ba kuma a banza ba. A 1980 manoman Bakolori ta ƙasar Sakkwato a wancan lokacin suka tsaya neman diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta cinye, aka aika musu Mobal, aka kashe mutane da yawa. Wannan ne ya hana ni barci. Na ce, ashe yaron da na goya zai iya ɗaga bindiga kan manomi irin ubansa?

Amma kada in yi rashin adalci. Wadda ta taɓa ratsa dajin Falgore kan hanyar Doguwa, shekarun da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabi wurin, ta san yadda mota ke yin tsit, kowa na salati a zuci. In aka hango motar jami'ai a gefen titi, sai ki ji mata sun sauke ajiyar zuciya. Ni ma na sauke. Har wa yau, ruwan Tiga da ke ƙasar Bebeji, wanda ake noman rani da shi, Audu Baƙo ne ya sa aka gina madatsarsa, shi kuwa ɗan sanda ne kafin ya zama Gwamnan Kano a 1967.

Da asuba na kira yaron. Na ce masa, "Duk tsohuwar da ka tsayar a hanya, ka dube ta kamar ni. In ka karɓi kuɗin direba, kada ka sayo mini ko goro da shi." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Na ƙulla masa ƙuli-ƙuli da yaji, ƙanwarsa ta raka shi tasha. Jiya ya bugo waya, wai an tura su Zamfara.