Idan Mai Ajiye Shaida Ne Ya Faɗi

A aikin jarida an koya mana cewa labarin da ba shi da shaida jita-jita ne. Shi ya sa nake tausaya wa masu kula da manyan kwamfutocin sabar a ranar da kernel, wato zuciyar tsarin Linux, ya tsaya cak saboda direban ma'ajiya irin megaraid_sas ko nvme.

Da gangan kernel yake tsayawa. Ya ga abin da bai yarda da shi ba, sai ya gwammace ya daina aiki da ya ci gaba da lalata bayanan jama'a. Sai dai a kan faifai ake rubuta bayanin abin da ya faru, kuma direban da zai kai shi can shi ne ya faɗi. Ka sake kunna injin, ka buɗe rajista, ka tarar da ita wayam.

Maganin wannan shi ne kdump, wanda ya shiga Linux a 2005. Tun kafin hatsari ake keɓe masa wani yanki na ƙwaƙwalwar injin. Da zarar kernel ya faɗi, wani kernel na biyu zai tashi daga yankin, ya kwafi ƙwaƙwalwar, ya tura ta zuwa wata kwamfuta. Netconsole kuma yana aika saƙonnin ƙarshe waje ba tare da ya bi ta faifai ba.

Wanda bai tanadi waɗannan ba, ƙiyasi kawai zai yi. Zai cire faifai mai lafiya, injin ya sake faɗuwa da tsakar dare. Tun ran gini, tun ran zane.