Takardar Tsohuwar Mota

Shekara goma sha ɗaya na yi tare da wata tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. A 2023 na sayar da ita na sayi wata Toyota ta hannu. Da zan miƙa makulli sai na zare takardar inshorata, domin da sauran wata bakwai kafin wa'adinta ya cika, na jefa ta cikin aljihun sabuwar motar. A zatona ni aka yi wa inshorar, saboda haka duk motar da na hau tana ƙarƙashin inuwarta.

Da wannan zato na ɗebi iyalina muka tafi gida hutun Sallah, muka dawo lafiya. Bayan mako biyu na kai motar wurin wani dattijon bakanike a Sabo. Yana laluben wata takarda ya ci karo da wannan, ya dube ta, ya dube ni.

“Malam, wannan ai ta waccan motar ce. Dubi lambar.”

Na duba. Sunana ne, amma lambar mota da ta shasi duk na Peugeot ne. Ashe tafiyar nan mai nisa ba da inshora na yi ta ba. Da na buge wani ɗan acaɓa a hanya, da ba mai biyan jinyarsa sai ni, ga kuma laifin karya doka, domin a wancan lokacin dokar 1945 ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna.

Washegari na je kamfanin. Jami'in ya bayyana mini cewa yarjejeniyar ta ɗaure mutum ɗaya ne da mota ɗaya. Ranar da na sayar da motar, takardar ta daina amfanar da ni, ba ta kuma koma ga mai saye ba. Abin da ya kamata shi ne in sanar da su kafin in hau sabuwar, su soke tsohuwar shaida, su rubuta sabuwa. Naira 15,000 ce kuɗin irin wannan inshora a shekarar.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, sana'ata ke nan koya wa ɗalibai karanta matani kalma bayan kalma, amma ga takarda mai shafi ɗaya, wadda haƙƙin mutane ya rataya a kanta, ban taɓa karanta ta ba. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Ni ban tambaya ba, Allah ne kawai ya kiyaye.