Rufin Asiri da Tsadarsa: Masu Ɗauke da Ƙanjamau a Ƙasar Rano

Kalmar "rufin asiri" tana cikin kalmomin da suka daɗe suna ɗaukar hankalina, saboda baki biyu gare ta. Idan Bahaushe ya ce wane yana da rufin asiri, yana nufin yana da abin da zai ci da iyalinsa ba tare da ya miƙa hannu ba. Idan kuma ya ce a rufa wa wane asiri, yana nufin a ɓoye abin da bayyanarsa zai zubar masa da mutunci. Ma'anonin nan biyu sun saba tafiya tare. A rayuwar masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a Lausu da ƙauyukan Rano da Kibiya, inda na tashi, na ga ɗaya tana cinye ɗaya.

A takarda, maganar kuɗi ta ƙare tuni. A 2002 gwamnatin tarayya ta fara shirin raba maganin rage kaifin cutar, daga 2006 aka mayar da shi kyauta, ga kuma tallafin shirin PEPFAR na Amurka. Yau ƙwaya ɗaya ake sha a rana, kuma wanda ya riƙe ta da gaske ƙwayar cutar takan ragu a jininsa har ba ya sa wa abokin zamansa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kashi 0.6. Ƙarancin nan abin godiya ne, sai dai yana da nasa nauyin: inda masu abu ba su da yawa, mai shi shi kaɗai yake ji a gari.

Wata 'yar'uwata ta nesa, bazawara mai 'ya'ya uku, ita ta buɗe mini ido. Ba ta karɓar magani a cibiyar da ta fi kusa da ita, don kuwa layin asibitin karkara dandali ne. Ba za ka rasa ɗan unguwarku ko surukar ƙanwarka ba. Sai ta hau babur zuwa Rano, ta shiga mota ta bi ta Bunkure har birnin Kano, inda ba wanda ya san sunan kakanta. A gida ta ce dubiya za ta. Mai zuwa dubiya birni kuwa ba ya dawowa hannu rabbana, dole ta riƙo wa yara tsaraba don maganar ta zauna. Kuɗin mota, da na abinci a hanya, da na tsaraba, da cinikin awarar da ta rasa na wuni guda, duk farashin magani ne wanda aka ce kyauta. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Akuyarta ta farko a wannan tsakanin ta tafi. Abin da ya sassauta mata shi ne tsarin ba da maganin wata uku ko shida a tashi ɗaya.

Mai karatu zai iya cewa ta haƙura ta karɓa a kusa mana. Lissafinta ya fi namu daidai. Jarin mai sana'ar abinci amincewar maƙwabta ne. Ranar da raɗe-raɗi ya fita, ba wanda zai faɗa mata magana. Yara ne kawai za su daina zuwa da kwano, uwar adashi ta fara kawo uzuri, manemi ya ɗauke ƙafa. Akwai dokar hana wariya ta 2014, amma ba dokar da za ta tilasta wa mutum sayen awara. Dokar gwaji kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 za ta kare rayuka, ina kuma goyon bayanta, matuƙar sakamakon ya tsaya tsakanin likita da masu shi, bai zama abin hirar 'yan ɗaurin aure ba.

Mu manazarta Hausa muna da hannu a nan. Sunan "ƙanjamau" hoton ramammen jiki ne, na zamanin da ba magani, balle "kabari kusa" da aka riƙa faɗa a majalisu. Mai shan magani a yau yana noma, yana haihuwar 'ya'ya lafiyayyu, amma sunan bai bi shi ya warke ba. Haka kuma ma'aunin "ingancin rayuwa" na Hukumar Lafiya ta Duniya yana tambayar lafiyar jiki, da kwanciyar hankali, da dogaro da kai, da hulɗa da jama'a, da muhalli, da imani. Duk wanda ya taɓa yi wa baƙauye irin waɗannan tambayoyi ya san amsar farko "Alhamdu lillahi" ce, ko da bai karya ba. Wanda bai san ladabin amsar ba zai rubuta cewa lafiya lau ake.

A Janairun 2025, da labarin dakatar da tallafin Amurka ya bazu a rediyo, ta kira ni da dare. Ba mutuwa ta tambaye ni ba. So take ta ji, idan aka koma saye, nawa ne na wata ɗaya, kuma ko ana samu a kantin da ba na Rano ba.