Maganin Maza a Kasuwar Gwanjo

Tun muna ƙanana a cikin birnin Kano muke jin kakarmu, Allah ya jiƙanta, tana ba da labarin mahaifinta, wanda ta ce yana cikin 'yan bindigar fada a zamanin Sarki Alu. Takan ce ranar da Nasara suka fasa ganuwa ya fita da bindiga a kafaɗa, ya komo gida bayan kwana uku hannu rabbana, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai faɗa wa kowa inda ya baro ta ba. Daga baya ne muka karanta cewa wannan rana ita ce 3 ga Fabrairu, 1903. Mun girma, mun shiga koyarwa, amma wannan bindiga da ba mu taɓa gani ba tana nan maƙale a zuciyarmu.

A shekarar 2022 muka sami hutun bincike na shekara guda a wata jami'a ta Ingila, domin nazarin tsofaffin waƙoƙin ajami. Da yake irin waɗannan takardu sukan ɓulla jefi-jefi a hannun masu gwanjon kayan tarihi, sai muka ɗauki al'adar leƙa shafukansu na intanet da dare. A wani dare na hunturu, muna cikin wannan leƙe, sai muka yi kiciɓis da hoton wata doguwar bindiga. Mai gidan gwanjon ya bayyana ta da cewa ƙirar Snider ce, ta fito daga Sudan ko Arewacin Afirka, wai mutanen can sun ɓata ƙotarta da fata da wani rubutun Larabci wanda ba ya karantuwa, saboda haka an rage mata kuɗi.

Ya kamata mu ɗan yi wa mai karatu bayanin wannan ƙira. Asalinta bindigar Enfield ce ta 1853, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki kamar adakar maharbanmu. A 1866 sojan Ingila suka karɓi dabarar wani Ba'amurke mai suna Jacob Snider, aka yanke gindin bututun, aka sa masa 'yar ƙofa mai buɗewa gefe, ta yadda za a zura harsashi ta baya. Ba ta daɗe tana tashe ba, domin a 1871 aka zaɓi Martini-Henry ta gaje ta, tsofaffin kuwa suka watsu cikin duniya. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasal ta hana sayar wa yawancin mutanen Afirka irin waɗannan bindigogi na zamani, aka bar su da masu ƙanƙara. Ke nan duk wanda ya riƙe Snider a ƙasar Hausa a wancan lokaci, ya riƙe abu mai tsada da wuyar samu.

Da muka faɗaɗa hoton, sai gabanmu ya faɗi. Jar fatar akuya ce irin wadda ake rinawa da karan dafi, an yi mata ɗinkin dukawa, ga kuma 'yar laya mai kusurwa huɗu an ɗinke ta a jikin ƙotar. Rubutun da aka ce ba ya karantuwa kuwa, hannun almajirin allo ne, kuma Hausa ce tsantsa da ajami, kalmomi biyu tak: maganin maza. Wani mutum, wanda ƙasa ta daɗe da rufe idonsa, ya zauna ya yi wa makaminsa kirari. Mun shekara ashirin muna koyar da kirari a aji, ba mu taɓa karanta wanda ya girgiza mu kamar wannan ba.

Dokar Ingila ta 1968 ta yarda mutum ya ajiye tsohuwar bindiga a matsayin kayan ado ko abin sha'awa ba tare da lasisi ba, ƙa'idojin 2021 kuma suka fayyace cewa sai wadda aka ƙera kafin 1 ga Satumba, 1939, wadda kuma harsashinta yake cikin jerin waɗanda aka daina amfani da su. Snider ta cika waɗannan sharuɗɗa. Saboda haka muka yi rajista, muka ba da lambar katin banki, muka jira ranar ciniki.

Wanda ya saba da cinikin Kasuwar Kurmi zai sha mamakin wannan kasuwa. A gida kana ganin idon mai kaya, ka taya, ya ce albarka, ka yi kamar za ka tafi, dillali ya jawo hannun rigarka. A nan kuwa daga kai sai allon kwamfuta, da wani Bature riƙe da 'yar guduma yana zuba lissafi kamar mai ƙirga goro. Abokin takararmu ba shi da fuska, lamba ce kurum take tsalle duk lokacin da muka taya. Mun yi wa kanmu alkawarin ba za mu wuce fam 400 ba, amma da zuciya ta hau, sai da muka kai 620 kafin guduma ta sauka. Bayan nan aka ɗora mana la'adar gidan gwanjo, kusan rubu'in kuɗin, da haraji a kan la'adar, da ladan kawowa. Kuɗin nan kuwa daga cikin abin da muke tarawa ne domin rufin ɗan ginin da muka fara a gida. Da muka sanar da uwargida ta waya, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta ce, "To, Malam, idan damina ta zo sai mu fake a ƙarƙashin bindigar."

Wata biyar ta yi jingine a kusurwar ɗakinmu. Da farko mun so mu shawo kan zuciyarmu cewa ita ce wadda kakanmu ya baro. Amma ilimi ba ya barin mutum ya ji daɗin ƙarya. Babu wata shaida da ta ɗaure ta da Kano, balle da gidanmu. Tana iya zama ta Zazzau, ko Katsina, ko Damagaram inda Sarki Tanimu ya shahara da tara bindigogi da igwa. Daɗin daɗawa, ba lalle ne a ce Nasara aka nuna da bakinta ba. Yawancin 'yan bindigar sarakuna bayi ne, kuma an yi aiki da su wajen hare-haren kamun bayi, an kuma yi aiki da su a Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895, inda ɗan'uwa ya harbi ɗan'uwa. Mazan da wannan bindiga ta yi maganinsu, mai yiwuwa ne Hausawa ne irinmu. Tun daga ranar da wannan tunani ya zo mana muka daina shafa ta da alfahari, muka koma dubanta kamar yadda ake duban dattijon da ya san asirin gida ya kuma ƙi faɗa.

Da lokacin komowa ya ƙarato, sai muka tuna cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ba ta yarda a shigo da bindiga ko a mallake ta ba sai da izinin hukuma, kwanakin da suka rage mana kuwa ba su isa neman wannan izini ba. Ga kuma halin da ƙasa take ciki na 'yan fashin daji. Malamin da ya sauka filin jirgi da bindiga, kafin ya gama bayanin kirari da ajami ya kwana a bayan kanta. Babu makawa sai a mayar da ita kasuwa.

Dillalin da muka kai wa ita mutum ne mai fara'a, ya kuma ba mu shawara biyu. Ta farko, mu bari a ɓamɓare fatar da layar, a goge katakon, domin masu tara Snider sun fi son ta yadda ta fito daga maƙera. Mu kuma sai mu tafi gida da fatar a aljihu. Ta biyu, idan ba mu so haka, to a rubuta cewa an ƙwace ta a yaƙin Kano na 1903, domin kayan da ke da labarin yaƙi sukan ninka kuɗinsu. Haƙiƙa shawarar farko ta ja hankalinmu, har mun kwana biyu muna juya ta, don ga rufin ɗaki, ga kuma abin tunawa. Amma muka ga cewa idan aka raba su, ƙarfen zai koma ɗaya daga cikin dubbai, fatar kuma ta zama tsumma. Haɗuwarsu ita ce shaidar cewa wani Bahaushe ya taɓa mallakar wannan abu har ya sa masa suna. Ta biyun kuwa ƙarya ce, kuma da sunan kakanmu za a yi ta.

Abin da muka roƙa shi ne a bar mu mu rubuta bayanin da hannunmu. Muka rubuta cewa fatar aikin dukawan ƙasar Hausa ce, rubutun Hausa ne da ajami, muka ba da karatunsa da ma'anarsa, muka ce layar tana nan a ɗinke ba a buɗe ta ba, muna kuma roƙon wanda ya saya kada ya buɗe. Ranar gwanjo muka zauna muna kallon lambobi suna tsalle a kan abin da yake namu. Guduma ta sauka a kan fam 540, aka kuma cire la'adar mai sayarwa. Idan aka haɗa da abin da muka kashe tun farko, hasararmu ta haura fam 300.

Ba mu san wanda ya saye ta ba, domin gidan gwanjo ba ya bayyana sunan mai saye. Abin da muka sani shi ne ta shigo hannunmu a matsayin ɓatacciyar bindigar Sudan mai rubutun da ba ya karantuwa, ta kuma fita da sunanta da asalin fatarta a rubuce. Rufin ɗaki ya ƙara jiran wata damina, uwargida kuma ba ta fasa yi mana tsiya ba. Hoton kalmomin nan biyu yana cikin abin da muke nuna wa ɗalibanmu na ajin adabin baka a kowace shekara, kuma mukan tambaye su su waye mazan. Allah ya jiƙan wanda ya rubuta, ya jiƙan waɗanda aka nuna da ita, ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya.