Gidan da ke tafiya a kan hanyar Tawa zuwa Agadas

A Amurka akwai masu ɗaura wa motarsu ɗaki mai tayoyi, da gado da wurin girki da tankin ruwa a cikinsa, su yi makonni suna jan sa a hamadar Arizona don shan iska. Idan sanyi ya shigo, dubbansu kan taru a wani ƙaramin gari mai suna Quartzsite. Na ga ƴan uwa suna yaɗa hotunansu a Facebook, ana ta mamaki. To mu Adarawa, masu yawo da gidansu ai maƙwabtanmu ne, a kasuwar Barmu muke sayen nononsu da dabbobinsu.

Daga Tawa zuwa Agadas kilomita wajen 400 ne, a kan kwaltar da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 don jigilar yuraniyom na Arlit. Yawancinmu da gaggawa muke bin ta, hankali na kan bida a Libiya ko Aljeriya. Tabalak kan tsayar da matafiyi saboda tafkinta da kifi. Daga Abalak kuwa gonakin gero sun ƙare, sai aduwa da tumfafiya da karangiya, sai fili iyakar ganin ido.

Nan ne ya kamata mutum ya buɗe ido. Ka dubi Bororo ranar tashi. Aikin mata ne: a kwance sandunan gado a ɗaure su dami guda, a naɗe tabarmi, a jera ƙore, ƙarama cikin babba, a rataya turmi da jarkokin ruwa a gefen jaki ko takarkari. Ɗan akuyar da aka haifa daren jiya a ɗora shi bisa kaya, kusa da yaron da bai iya tafiya ba. Kafin hantsi babu abin da ya rage sai toka da kashin shanu. Buzayen Azawak kuma tantinsu na fata ne, an ɗinka fatu da yawa an shafe su da jar ƙasa, kuma mallakar matar ne, da shi take zuwa gidan aure. Kowane abu a cikin kayan nan yana da aikinsa, domin jaki ne zai ɗauka.

Ba yawon shaƙatawa suke ba. Ciyawa suke bi. Da damina su yi arewa, har Ingal, inda ake taron shan gishiri a watan Satumba, dabbobi su lashi ƙasa mai gishiri su murmure. Da kaka su juyo kudu, wajenmu.

Dokar ƙasa ta san da su. Tun 1961 aka shata iyakar noma ta arewa don a bar wa kiwo filinsa, a 2010 kuma aka yi dokar da ta amince cewa yawon makiyayi haƙƙinsa ne. Amma gonaki na ta cin burtali, masu kuɗi na killace makiyaya, rijiya kuma sai an ja igiya mai tsawon gaske da raƙumi kafin guga ya fito. Ga rashin tsaro a kai: a watan Maris na 2021 an kashe mutum fiye da ɗari a rugagen yankin Tiliya, har yau abin na ci mini rai.

Don haka, ƴan uwana masu gona a gefen burtali, bana idan an yi girbi a kwashe amfani da wuri, kafin ranar sakin gonaki. Wanda garmarsa ta shiga hanyar shanu ya ja da baya. Idan ɓarna ta faru, a kai magana gun mai gari a ƙiyasta a biya, kada kowa ya ɗauki sanda.